Noman Cikin Tire: Zuwana Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A layin burtsatse a tambaye ni, a wajen niƙa a tambaye ni, ran Lahadi in an tashi sujada matan zumunta su kewaye ni, kowace tana son jin yadda ake noma babu gona. Kullum sai in ce sai an zauna, don gaskiya ba na son tuna abin. Amma maƙwabciyata Habi ta faɗa mini wasu sun fara cewa ɓoye sirrin nake yi don in ci ni kaɗai. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Saratu, ƙauyenmu yana kusa da Tofa. Mijina ya rasu shekara uku ke nan. Gonar da muke nomawa ba tamu ba ce, aro ce tun zamanin kakansa. Bara 'ya'yan mai ita suka sayar, aka zo da igiyar awo aka yanka ta filoti-filoti. Ban ga laifinsu ba, su ma da tasu damuwar. Abin da ya rage mana ɗan kangon bayan gida ne, wanda tabarma shida za su rufe. Kun san yankinmu, gona tana jikin gona, babu wani daji da mutum zai je ya sara.

Ɗana Ishaya shekararsa ashirin da uku, kuma ba abin da ya iya irin noma. Da gonar ta tafi sai ya fara maganar bin abokansa wajen haƙar zinariya can yamma. Cikin waɗanda suka tafi daga garinmu, ɗaya rami ya rufta da shi, ɗaya har yau ba labari. Ina cikin wannan zullumi ƙanena Yakubu ya kira ni. Shi gadi yake yi a wani otal a Kwatano, can ƙetaren iyakar ƙasa. Ya ce akwai wata mata da ke kawo musu ganye kullum da safe, ganyen da bai fi kwana goma da tsirowa ba, a cikin tiren roba take shuka shi a ɗakinta, kuma da shi take riƙe gidanta. Ya ce ya yi mata maganata, ta yarda ta koya mini.

Na roƙi Ishaya ya jira ni zuwa damina. Ya ce zai jira. Na sayar da awakina biyu, na yi takardun da Yakubu ya ce in yi har da katin rigakafi, na ƙulla irin alayyafo da rama da riɗi da wake a tsumma daban-daban don in gwada su a can, na ɗauki kuka da daddawa tsarabar Yakubu, na kama hanya.

A Kano na shiga doguwar motar Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Hajiya Uwani, 'yar kasuwa mai sarin atamfa, wadda ta ce ita hanyar Kwatano ta fi sanin ta da hanyar gidan surukanta. Mace ce mai jiki da fara'a, ba ta rabo da goro. Tun kafin Zariya ta gama jin tarihina. Da na faɗa mata abin da zan je koyowa sai ta dube ni ta ce, ita dai a saninta ganye sai ya girma ake cin sa, amma duniya ba abin da ba a gani. Ba ta ƙara ba, ta miƙo mini dambun nama.

Bayan Kaduna wani fasinja ya fara ƙorafin wari, aka yi ta dube-dube, ashe daddawata ce zafin mota ya tayar. Yaran mota suka karɓi jakata suka jefa ƙasan mota wajen kaya. Ban so ba, amma kunya ta hana ni magana. Kwana muka yi muna tafiya, ƙafafuna suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Da muka sauka Legas aka fito da jakar sai na gan ta sharkaf. Jarkar man gyaɗan wani ce ta fashe a kanta. Zannuwana duk sun sha mai, ƙullin irin nan kuwa sun zama kamar an soya su. Na tsuguna a tasha ina warware su ɗaya-ɗaya, mutane suna ture ni suna wucewa. Hajiya Uwani ta ce in tashi, nan ba wurin tsugunno ba ne, ta kama hannuna kamar wata ƙaramar yarinya ta ja ni zuwa motar iyaka.

Daga Legas zuwa iyaka ban ƙirga sau nawa aka tsayar da mu ba. A iyakar kanta kuwa ban gane gaba ba ban gane baya ba. Ga masu canji da damin kuɗi a hannu, ga 'yan dako, ga masu babura, kowa na kiran ka. Hajiya ta ce in riƙe gefen mayafinta, in kuma rufe bakina, duk abin da aka tambaya ita za ta amsa. Sai dai katin rigakafina shi ma ya sha mai, rubutun ya dushe. Ma'aikacin ya ɗaga shi sama yana dubawa a hasken rana, ya sansana, ya dube ni, ya yi wata magana da Faransanci, abokan aikinsa suka yi dariya. Mun fi awa biyu a kan benci kafin a yarda kati ne na gaske. Hajiya ta yi asarar rabin yininta saboda ni, ko sau ɗaya ba ta nuna mini a fuska ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, ga su kamar fara. Kuma mata suna tuƙa babur da kansu, tsohuwa sa'ata da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai waiwayen ta. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi. Iskar garin kuma nauyi gare ta, ka yi wanka ka fito kana gumi. Zannuwan da na wanke kwana biyu suka yi a igiya ba su bushe ba, alhali a gida kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe.

Ɗakin Yakubu su huɗu ne maza a ciki, don haka Hajiya ta kai ni masaukinta a Zango, gidan wata tsohuwa da fatake mata ke sauka. Mu tara ne a ɗaki, tabarma jikin tabarma, kowa ta yi matashi da jakarta. Hausa suke yi a unguwar, amma irin tasu, sai na kasa kunne sosai nake ganewa. Ni kaɗai ce Kirista a ɗakin, ba wadda ta dame ni. In sun tashi sallar asuba ni ma sai in tashi in yi addu'ata a gefe.

Abinci ne ya wahalar da ni. Akwai wani farin tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, a ci shi da sanyinsa da soyayyen kifi da jajjagen barkono. Ranar farko cikina ya ƙi. Da safe kuma dogon burodi ne mai tauri kamar sanda, ya kankare mini dasashi. Ran nan Yakubu ya ce zai yi mini gata, ya sayo mini miya, ina cikin ci na tambaye shi wane nama ne wannan mai danƙo, ya ce dodon koɗi ne. Na ajiye kwanon. Bayan kwana huɗu Hajiya ta gama sarinta ta koma, ta bar mini ragowar garin kunun da ta zo da shi. Da shi na rayu.

Matar da na je wurinta sunanta Madam Selestin. Siririya ce, da tabarau, ba ta da yawan magana. Da Yakubu ya gabatar da ni sai ta rungumo ni ta manna kumatunta a nawa, hagu da dama, na daskare a tsaye, Yakubu ya ce gaisuwarsu ce. Ta buɗe mana wani ɗaki a bayan gidanta. Katakai ne hawa-hawa har kusa da rufi, kowane hawa da tire a jere, kowane tire cike da tsiro a tsaitsaye, tsawon ɗan yatsa, wani kore, wani ja, wani shuɗi-shuɗi. Fanka biyu suna juyawa, ga firji a lungu. Ban taɓa ganin shuka mai tsabta haka ba. Ta tsinko kaɗan ta ba ni, na tauna, na ji ɗan yaji kamar lansir. A raina na sa musu suna jariran ganye, don sunan da take kiran su ya ƙi zama a bakina.

Kwana goma sha biyu na yi ina zuwa. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, Yakubu kuma sai ya tashi aiki yake leƙowa, don haka da hannu da ido muka yi karatun. Ba ƙasa take sawa ba, ɓawon kwakwa ne niƙaƙƙe, a jiƙa shi a shimfiɗa a tire. Manyan iri a jiƙa su kwana ɗaya, ƙanana a barbaɗa su haka nan, a cike tiren sosai, ba tazara irin ta gona. Sai a ɗora tire kan tire, a danne da bulo, a bar su cikin duhu kwana uku. In sun ɗago sai a fito da su haske, amma ban da rana tsaka. Ruwa ta ƙasa ake ba su, ba a zuba musu a ka. Da ganye biyun farko sun buɗe sai a sa almakashi a yanke. Ba ya sake tohowa, sai a zubar da sauran a wanke tire a fara sabo. Abu ɗaya ta nanata har da buga tebur: kada in kuskura in shuka irin da aka shafa wa jan maganin ƙwarin nan, don guba ce za a ci.

Hannuna ya karɓi aikin da wuri. A kwana na takwas tiren da na shuka da kaina ya tashi lif, Madam ta ɗaga mini babban yatsa. Ranar na kira Ishaya na ce masa mun samu mafita. Na ji muryarsa ta sake, har ya tambaye ni irin rumfar da zai fara kafawa.

Washegari na ce wa Yakubu ina son in ga yadda ake cin abin. Ya roƙi masu girkin otal ɗinsu suka bar ni na tsaya a ƙofar baya lokacin abincin rana, wajen da ake wanke kwanuka. Na ga mai girki ya ɗebi ganyen da yatsu uku, ya ɗora a kan ɗan yankan kifi a tsakiyar wani faffaɗan faranti, aka fita da shi. Na zaci somin-taɓi ne, sauran na tafe. Can sai farantai suka fara dawowa. An cinye kifin, ganyen kuwa a yawancinsu an ture shi gefe. Matar da ke wanke-wanke tana sharce shi da hannu cikin bokitin shara, faranti bayan faranti. Na tsaya ina kallo har Yakubu ya taɓa ni ya ce mu tafi.

Ranar da zan yi sallama da Madam, Yakubu yana nan, sai ta zaunar da mu ta fara tambayoyi. Akwai wuta a garinmu? Na ce sai ta ga dama. Ina da firji? Babu. Tsakanina da masu saye tafiyar minti nawa ce? Na ce sai na shiga mota biyu. Na riga na samu mai saye? Na ce ban samu ba. Ta cire tabarau ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana kallon hannuwanta. Yakubu ya ce wai ta ce in je in gwada, Allah zai taimaka.

Na ce, "Yakubu, maganarta ta fi haka tsawo. Faɗa mini abin da ta ce."

Ya shafa kai. "Yaya, ta ce ita ma otal biyu sun daina karɓa a wajenta bana. Ta ce da ta san daga irin wurin da za ki taso ke nan, da ta ce kada ki zo. Ta ce shekararta shida tana wannan sana'a, ba ta taɓa ganin mai jin yunwa ya sayi ganyen nan ba."

Na yi mata godiya, don ta cancanta. Ta ba ni tire takwas, da ƙullin ɓawon kwakwa, da iri kala biyar a 'yan ledoji. Yakubu ya raka ni tasha, duk hanya yana ba ni haƙuri, yana cewa shi abin da ya gani kawai mace tana shigowa da kaya tana fita da fara'a.

A iyaka aka buɗe jakata aka ga irin. Wani ma'aikaci mai jin Hausa ya yi mini bayani cikin mutunci cewa ba a shigo da irin shuka sai da takardar da ke nuna ba ya ɗauke da cuta. Na roƙe shi ya bar mini ko leda ɗaya. Ya ce, "Mama, ba ni na kafa dokar ba." Ya zuba su a wani kwali. A motar Kano kuma aka ɗora buhu a kan tirena, uku suka tsage. Da biyar na iso gida, lokacin zafin bazara ya fara kankama.

Ban faɗa wa Ishaya maganar Madam ba. Na tarar ya riga ya kafa rumfar kara a bayan ɗaki, ya yi mata katakai hawa uku daga tsohuwar ƙofa. Na kasa buɗe baki in rushe masa.

Irin kasuwa duk da jan magani a jikinsa, sai na bi tsofaffi gida-gida na samo alayyafo da rama da riɗi da lansir, na ɗebi wake daga na abincinmu. Shukar farko da na buɗe ta a kwana na uku, fumfuna ce fara fat ta rufe ta, ga wari. Duhun kwana uku na Kwatano a zafinmu dafa iri yake yi. Ta biyu ta fito, muka tafi jana'iza muka dawo muka tarar kaji da ƙadangaru sun yi mata aski. Ishaya ya kewaye rumfar da tsohon gidan sauro, ya rataya buhunan algarara yana jiƙa su sau huɗu a yini don wurin ya yi sanyi. Ruwan kuwa daga burtsatse yake ɗebowa, ya bi layi tun safe. Ɓawon kwakwa ya ƙare, muka koma yashi da tankaɗaɗɗen taki. Ta uku ta yi kyau. Kai, ta yi kyau har Habi ta kira mijinta ya zo ya gani.

Da gari ya waye na yanke, na jera a babban kwano, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, na shiga motar Kano. Otal na farko mai gadi bai bar ni na wuce ƙofa ba. A na biyu aka yi mini kirki, mai girkin ya fito da kansa, ya ɗanɗana, ya ce ya yi. Amma ya ce akwai mai kawo musu a 'yan robobi masu murfi da tambari, da sanyinsu, daga cikin gari. Ya tambaye ni ko zan iya kawowa kullum kafin ƙarfe bakwai, ko ranar da mota ta ƙi, ko ranar da zafi ya kashe shuka. Ban yi masa ƙarya ba. Kafin in kai na uku rana ta take, na ɗaga tsumman na ga ganyen ya kwanta ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Ban ma shiga ba.

Na biya kasuwa wajen masu kayan miya ko zan rage asara. Wata mai lansir, ga nata dami-dami daga fadama, ta leƙa kwanona ta ce, "Baiwar Allah, me ya yi zafi kika yanke shi tun yana jariri? Da kin bari ya girma ai da kin samu na miya." Ba da izgili ta faɗa ba, tausayina ta ji.

A gida na yi kwaɗon shuka ta gaba da ƙuli-ƙuli na rarraba wa maƙwabta. Kowa ya ci ya yaba. Ba wanda ya ce a sayar masa, ni ma ban tambaya ba, don na san abin da ke cikin gidajensu. Ni kaina da na zauna na duba, waken da na zuba a tire ɗaya da dafa shi na yi da ya ciyar da mu yini guda, ganyen da ya fito kuwa loma biyar ne.

Ishaya bai jira damina ba, kuma ban iya riƙe shi da alkawarinsa ba, don nawa ne ya fara karyewa. Ran da zai tafi na yanke tire biyun da suka rage na yi masa kwaɗo. Ya zauna a bakin ƙofa ya cinye tas, ya suɗe kwanon. Sannan na faɗa masa abin da Madam ta ce, da abin da na gani a bayan otal. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce tun ranar da na sauka daga mota ya gani a fuskata.

Na ce, "To me ya sa ka yi ta jidon ruwa?"

Ya ce, "Na ga kina so ne, Inna."

Na raka shi bakin titi. Muka tsaya a gindin darbejiya har mota ta zo. Ya ce in koma gida rana ta yi, ya shiga, aka ja ƙofa.

Sau biyu ya kira ni bayan ya isa. Na biyun ya ce za a matsar da su wani rami can cikin daji. Yau mako uku ke nan wayarsa ba ta shiga. Yakubu ya ce in kwantar da hankalina, irin wuraren nan ba su da sabis. Na ce masa to.